Haƙarƙarina da Rantsuwar Yaya Sule

Tun da na dawo, duk inda na zauna sai an tambaye ni labarin Sudan. Na Makka ba a cika nema ba, domin kowace unguwa tana da alhajinta, ya riga ya ba da shi har da ƙari. Na ba da nawa da baki sau da yawa, har na lura kullum motar da muka shiga tana ƙara tsufa, hanyar kuma tana ƙara tsawo. Kafin in wayi gari in ce a ƙafa na je, gara in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Habu, malamin labarin ƙasa ne ni a wata makarantar firamare a ƙasar Zazzau. Wata bakwai kafin tafiyar nan na hau benci zan rataya taswirar Afirka, bencin ya ga bai cancanci a taka shi ba, ya kauce. Na faɗo da haƙarƙarin dama a kan kusurwar tebur. Mai ɗorin garinmu ya laluba, ya tofa, ya naɗe mini ƙirji tamau da alawayyo kamu shida, ya ce kada in rabu da ɗaurin sai na daina jin zafi. Ban daina ji ba, saboda haka ban rabu da shi ba. In na yi wanka sai in mayar, in ƙara tamkewa. Ni mutum ne mai bin doka, da ita nake cin abinci.

A wata bakwai ɗin nan na daina tari, na daina dariya, atishawa kuwa in na ji tana zuwa sai in kama salati. Hannuna na dama ba ya wuce kafaɗa, sai rabin allo na ƙasa nake rubutawa. Muryata ba ta wuce benci na uku. Hedimastanmu mutumin kirki ne, ya samo mini hutun zuwa hajji, amma ya gaya mini gaskiya: in na dawo 'yan bayan aji ba sa ji na, za a ba wani ajin, ni a ba ni mabuɗin ɗakin ajiyar littattafai da alli. Shekara goma sha tara ina gaban allo. Ban ce masa komai ba, ba don haƙuri ba, don doguwar magana tana bukatar numfashi.

Na zaɓi hanyar ƙasa saboda wana, Yaya Sule. Ina ɗan shekara goma sha shida ya tafi hajji. A kan hanyar dawowa ya tsaya a Jazira ta ƙasar Sudan, wai zai yi cirar auduga ta kaka ɗaya ya samu guzuri. Shekara ashirin da huɗu ke nan, kakar ba ta ƙare ba. Innarmu ta rasu ba ta sake ganinsa ba.

Mun tashi daga Kano kwana biyu bayan ƙaramar salla, a bayan babbar mota, a kan buhuna. A taswirar ajina, daga Kano zuwa kogin Nilu taƙi ɗaya ne da ɗan yatsa biyu, kuma na sha gwada wa yara haka da hannuna. Ina neman gafararsu. Daga Maiduguri muka ƙetara zuwa Fallomi ta ƙasar Chadi, daga can muka kama hanyar Abashe, kuma duk ramin da ke tsakanin garuruwan nan haƙarƙarina ya san shi da sunansa. In motar ta kafe a rairayi, kowa ya sauka ya tura, ni sai in koma gefe in dafe awazu. Akwai wata tsohuwa 'yar Gobir da ta haura saba'in, ita ma tana cikin masu turi. Rana ta uku ta juyo ta dube ni, ta ce, “Malam, kai addu'a kaka yi muna, ko duba aikin kaka yi?” Na ce mata ciwo gare ni. Ta ce, “Allah shi ba ka lahiya. Ciwon naka dai ya san lokacin zuwa.”

A kan iyakar Sudan, kafin Jinaina, aka jera mu ana duba fasfo da katin allura. Na ga dama ta samu, na gai da jami'in da Larabcin da na koya a littafi, na kuma tambaye shi makewayi. Ya tsaya ya saurara har na dire, sannan ya kira abokin aikinsa ya zo ya ji mutumin da ke tambayar wurin fitsari da harshen huɗubar Juma'a. Dariyar ba ta hana shi aikinsa ba. Da ya shafa gefena ya ji tauri a ƙarƙashin riga, sai fuskarsa ta canja, aka shigar da ni ɗaki. Ya kama bakin alawayyon yana ja, ni kuma ina juyawa kamar mazari. Kamu ɗaya, biyu, har shida, ya kai ƙarshe bai sami zinariya ba, bai sami ko goro ba, sai malamin makaranta ramamme. Ya karkaɗe ƙyallen sau biyu, ya ce, “Ma'alesh,” wato a yi haƙuri. Sannan ya taya ni naɗewa, har ya fi mai ɗorin tamkewa, ya sa aka kawo mini shayi.

A Jinaina muka sauka a zango, wani fili mai katanga da aka jera gadajen igiya a cikinsa. Angareb suke kiran gadon. Yana da daɗi ga mai lafiya, amma tsakiyarsa na lotsawa, mutum ya naɗe a ciki kamar kifi a tukunya. Daga nan wata motar ta kai mu Niyala, inda muka shiga jirgin ƙasa. A jirgin nan na fara sanin karamcin mutanen Sudan, wanda ba a tambayar ra'ayin mutum kafin a yi masa shi. A wurinmu in mai cin abinci ya ce bismilla, ka ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare, kowa ya fita kunya. A can ba haka ba. Wani attajirin shanu da ke zaune a gabana ya ɓare dafaffen ƙwai ya miƙo mini, na ce na ƙoshi. Ya ɗaga murya ya ce, “Alayya ɗalak!” Na tambayi na kusa da ni, ya fassara mini: ya rantse ne cewa in ban ci ba, matarsa ta saku. Na ci ƙwai uku a jere don in ceci auren wata baiwar Allah da ban taɓa gani ba.

Kwana uku da wani abu muna cikin jirgin, wasu a ciki, wasu a kan rufi da awakinsu. A Kosti muka hau gadar Farin Nilu. Na miƙe da ƙyar na leƙa, na tarar yana nan inda nake gaya wa yara, sai dai ya fi zanen allina faɗi. Bayan Sinnar ƙasa ta shimfiɗe kamar tebur, magudanan ruwa sun miƙe sambal kamar da rula aka ja su, auduga ta yi fari ko'ina. Na sauka a tashar Wad Haddad.

Wani dattijo mai farar jallabiya da ƙaton rawani ya tsaya yana duban fuskokin masu sauka. Da na ga kunnuwansa na san namu ne. Na ce, “Yaya Sule?” Sai ya rungume ni. Gaisuwarsu a can, sai a fara bubbuga kafaɗa da ƙirji, sannan a rungume, sannan a yi musafaha, a sake komawa farko. Na ga taurari da rana tsaka. Da muka isa ƙauyensu, tafiyar sa'a guda a kan jaki, maza sun fi talatin suna jira, kowanne da tafin hannun manomi, kowanne yana so ya nuna mini ya fi na gabansa murna. Hawaye suka zubo mini, aka ce Allah sarki, zumunci.

Ƙauyen na Hausawa ne gaba ɗaya, yawancinsu jikokin waɗanda suka taso daga ƙasar Sakkwato. Hausarsu ta can ce, an cusa mata Larabci kamar yadda ake cusa wa alkaki zuma. Gona hawasha ce, asibiti mustashfa, yayana kuwa ba Sule ba ne, Hajj Suleiman ne. Matarsa Amna a can aka haife ta, mace mai jiki da baki. Ita ta fara kawo mini kisra, wata waina mai tsami, siririya har kana iya karanta wasiƙa ta cikinta, da miyar kuɓewa busasshiya. Na tambaya ko babu tuwo, ta ce akwai, asida suke ce masa, amma sai baƙo ya nuna hali tukuna.

Kwana bakwai ina kwance a kan angareb a ƙarƙashin rumfa. Yaya Sule ba ya bari in ɗauki ko buta. In na sunkuya zan jawo takalmi, kafin in kai ya riga ni. A rana ta bakwai Amna ta ajiye mini kofi, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

“Kai ƙanen miji, mi ad da kai? Sati guda ina ba ka dariya, ko haƙoranka ban gani ba. Ko ku mutanen Najeriya sai hukuma ta ba da izini?”

Na gaya mata dalili, na ɗaga riga ta ga ɗaurin.

“Wata nawa?”

“Yanzu takwas.”

“La ilaha illallahu! Ko jinjiri wata tara yaka yi a sake shi. Gobe mu tahi Madani. Ɗan kawuna Ɗaha yana aiki a mustashfa, irin wanga aikin nashi na.”

A asibitin Wad Madani likita ya fara ganina. Ya ɗauki hoton ƙirji, ya saurari zuciya da huhu, ya ce duk lafiya. Haƙarƙari biyu sun taɓa tsagewa, amma sun haɗe tuntuni. Na ji kunya kaɗan, domin a ɓoye na riga na yanke wa kaina cewa ciwon ajali ne, har na raba littattafaina a zuci. Sannan aka tura mu wani ɗaki a bayan ginin, na masu gashin ƙashi. Na shiga ina neman kwalaben magani, ban ga ko ɗaya ba, sai sanduna, da igiyoyi masu buhunan yashi, da tukunyar ruwan zafi, da wani tsoho yana koyon tafiya tsakanin ƙarafa biyu.

Ustaz Ɗaha dogo ne, siriri, ba ya gaggawa. Uwarsa Bahaushiya ce 'yar Suki, amma Hausarsa ta tsaya inda ya bar ta yana yaro, in ta ƙare masa sai ya cike da Larabci, Amna ta fassara daga bakin ƙofa. Ya kwance alawayyon, ya ninke, ya miƙa mata ya ce ta yi labule. Na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Ya zagaya mini awon tela a ƙirji ya ce in ja numfashi iya ƙarfina. Na ja. Ya dubi awon, ya ce, “Ya Ustaz, na ce ka ja.” Na ce ai na ja. Awon bai motsa ko faɗin farce ba.

Ya ɗauko bokiti ya ɗaga marikinsa ya sauke, ya ɗaga ya sauke. Ya ce haka kowane haƙarƙari yake yi duk numfashi, yana da gaɓa a jikin ƙashin baya, da nama tsakaninsa da ɗan'uwansa. Ɗauri na kwana kaɗan ba laifi ba ne a ganin masu ɗori, amma ni na hana su motsi wata takwas, gaɓoɓin sun cije, naman ya ƙanƙance, duk lokacin da na motsa sai su yi ƙara, ni kuma in ƙara ɗaurewa. “Ƙashi ya warke,” in ji shi, “bai dai aiko maka da takarda ba.”

Ya kwantar da ni rub da ciki, ya gasa mini gefen da tawul mai zafi, sannan ya bi gefen ƙashin bayana da gindin tafin hannu, gaɓa bayan gaɓa, yana dannawa a hankali yana saki. Da ya zo kan haƙarƙari na shida da na bakwai na ambaci sunayen Allah da ban san na haddace ba. Ya ce, “Shuwayya-shuwayya,” wato sannu-sannu, bai kuwa daina ba. Bayan haka ya koya mini aikin gida. In ɗora tafin hannu a wurin ciwon in ja numfashi har in ture hannun. In riƙe sanda da hannu biyu in ɗaga ta sama da kai. In zauna a kujera in waiwaya dama da hagu kamar mai neman wanda ya kira shi. In tsaya a gaban bango in hau shi da 'yan yatsu, kullum in yi alama inda na kai. Ya kuma ba ni kwalba da ruwa rabi da ɗan tiyo, wai in riƙa hurawa ruwan yana ɓulɓula. Ni da nake korar yara daga aji saboda irin wannan. Ya ce in bar angareb in kwana a tabarma, in yi tafiya, in yi karatu da ƙarfi. Zafin da ke ja kamar ana miƙa fata, in jure masa. Wanda ke suka kamar wuƙa, in tsaya. In na ga zazzaɓi ko jini a tari, in koma wurin likita a ranar. In dawo bayan kwana goma.

Washegari da hantsi na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na ɗauki sanda. Ina ɗaga ta ina nishi, gumi yana zuba, sai ga Yaya Sule ya dawo daga hawasha. Ya tsaya kamar an dasa shi. Ya fizge sandar ya yi jifa da ita.

“Wannan magani ne ko horo? A gidana, ƙanena yana birgima a ƙasa kamar wanda ba shi da kowa? Alayya ɗalak, muddin kana cikin gidan nan ba ka ƙara wahalar da jikinka haka! Hau gado!”

Na hau gado. Me zan yi? Na yi karatun fiƙihu gwargwado, kuma a inda na karanta, saki ba a wasa da shi. Ga mace ta ɗauke ni ta kai ni asibiti, in saka mata da zawarci? Kwana goma na yi a cikin ramin angareb, kwalbar tana ƙarƙashin gado. Amna ta yi ta zuga ni. “Tashi ka yi abinka! Wanga mutum ya sake ni kan shayi, ya sake ni kan rago, ya sake ni kan kuɗin mota, ga ni nan ina tuƙa mashi asida.” Na ce mata ai duk waɗancan baƙin sun sha shayin, sun ci ragon, shi ya sa take nan. Ta ce ita ba ta taɓa lissafa shi haka ba.

Da muka koma Madani, Ustaz Ɗaha ya zagaya awonsa, ya duba, ya dube ni.

“Ka yi aikin?”

“Sau ɗaya.”

Amna ta ba shi labari. Bai yi dariya ba. Ya ce shi hannunsa na rabin sa'a ne a kwana goma, sauran aikin nawa ne. Ya tambayi yaushe zan wuce. Na ce jirgin da zai kai mu bakin teku saura sati uku, daga hajji kuma sai gida, sai aji. Ya ce, “To, ka zaɓa. In ka koma da ƙirjin nan haka, yadda ka zo haka za ka isa.”

A hanyar komawa na yi ta juya abin. Da gari ya waye, bayan Yaya Sule ya tafi gona, na naɗe tabarmata, na ɗauki sanda da kwalba da jakata, na nufi halwa. Halwa ɗaki ne a jikin masallaci inda matafiyi ke sauka, nan kuma mazan ƙauye ke haɗuwa da rana, kowa ya fito da tiren gidansa a ci tare. Wanda ya sauka a can, ana ɗauka ba shi da kowa a garin. Na san haka, na kuwa tafi. Kafin azahar babu gidan da labari bai shiga ba.

Ina tsaye a gaban bango ina hawansa da yatsu ya shigo, ko ƙafa bai wanke ba.

“Habu, me na yi maka? So kake a ce Hajj Suleiman ya kori ɗan'uwansa, uwa ɗaya uba ɗaya?”

“Yaya, ka rantse da auren Amna. In na motsa a gidanka na raba ka da matarka. In ban motsa ba na rabu da ajina. Sai na ga gara in rabu da gadonka.”

“Kai, rantsuwar baki ce! Kowa yana yi a nan.”

“Ni ban iya ta baki ba.”

“Har yanzu kana nan da taurin kanka na boko.”

“A gida na gaje shi. Wani ya ce kaka ɗaya zai yi.”

Ban yi niyyar faɗin haka ba, ta fito ne kawai. Ya zauna a bakin tabarma, ya cire rawaninsa ya ajiye a gwiwa. Sai a lokacin na ga kansa duk furfura. Sannan ya tambaye ni.

“Inna wata nawa ta yi tana jinya?”

“Biyar.”

“Wa yake tayar da ita, ya kwantar?”

“Ni da Ladi.” Ladi ƙanwarmu ce.

“Ni ko ruwa ban miƙa mata ba.” Ya murza idonsa da bayan hannu. “Sai ga ka, ka zo mini da ciwo har gida. Na ce to, wannan kam zan yi jinyarsa yadda ake yi. Sai in shigo in tarar kana nishi a ƙasa?”

Sai na tuna akwai abu ɗaya da Ustaz Ɗaha ya nuna mini wanda ba na iya yi ni kaɗai, domin hannuna ba ya kaiwa baya. Na ce, “Yaya, jinyar tana nan, ba a yi ta ba. Zo ka sa hannunka nan.” Na juya masa baya, na kama hannuwansa na ɗora a haƙarƙarina, dama da hagu. Tafinsa kamar ɓawon itace. Na ce ya riƙe, kada ya matse, ni kuma zan ja numfashi in ture shi.

Na ja. Ya ce, “Na hagu ya motsa. Na dama barci yake.”

Na sake ja.

“Wannan ne turin? Akuya ta fi ka. Sake!”

Mun yi goma. A na ƙarshe ya ce ya ji wani abu kamar motsin ɗan tsako a cikin ƙwai. Ya miƙe ya naɗa rawaninsa, ya dubi ƙofa, ya dube ni, ya ce, “To, tunda ba ka son zama baƙo, tashi ka ɗebo mini ruwa a buta. Azahar ta yi.” Rabon da ya aike ni shekara ashirin da huɗu. Na tafi har ina haɗawa da sauri.

A halwa na ƙarasa kwanakina, don rantsuwa tana nan a gidan, ni kuma ban yarda a gwada ta ba. Kullum da safe Yaya Sule zai zo da tawul da ruwan zafi, ya gasa ni, ya riƙe mini haƙarƙari, ya tsaya a kaina ina ɗaga sanda yana ƙirgawa da Larabci, yana satar ƙari. Alamar yatsuna a bango ta riƙa hawa, har liman ya roƙe ni in daina zana masa gini da gawayi. Daga nan sai mu taka zuwa hawasha, in ɗan taya cirar auduga, abin da da farko ya hana, daga baya ya koma cewa ina barin rabi a jikin itace. Amna kuwa ta aiko da tire da saƙo: wai ta gode na ceci aurenta, amma ba ta tuna ta ce a cece shi ba. Ranar na yi dariya ta farko. Ta yi zafi, na dafe wurin da matashi kamar yadda aka koya mini, na ƙarasa abata.

Karatu da ƙarfi kuwa, tsofaffin halwa suka ɗauke mini nauyinsa. Bayan la'asar sai su kewaye ni, a ba su labarin gida. Akwai wani Baba Ɗangaladima da aka goyo shi daga Sakkwato, bai san ta ba sai a bakin uwarsa, ga shi kunne ya yi nauyi. Duk abin da na faɗa sai ya ce, “Ɗaga murya, ya Ustaz! Gulbin nan har yanzu yana kawo ruwa?” In ɗaga. Ya ce bai ji ba. In ƙara. Ban san ko Ustaz Ɗaha ya taɓa jin labarin wannan hanyar magani ba, amma ta yi aiki.

Zuwana na ƙarshe Madani, awon tela ya buɗe faɗin yatsa biyu. Zafin bai tafi duka ba, har yau in sanyi ya yi yakan gaishe ni, kuma har yau ina ɗaga sandata da safe. Ustaz Ɗaha ya ce haka ake so, kada in daina. Na ba shi ragowar goron da na zo da shi, ya ce zai kai wa tsohuwarsa a Suki. Da zan fita ya ce, “Mai ɗorinku ya iya ɗauri. Ka gaya masa ya riƙa faɗa wa mutane ranar kwancewa.” Na isar da saƙon, an karɓe shi yadda kuke zato.

A tashar Wad Haddad Yaya Sule ya bubbuge ni, ya rungume ni da ƙarfinsa duka, na rama. Allah ya saka masa, shi da Amna, da Ustaz Ɗaha, da mutanen ƙauyen nan da suka ciyar da ni sati uku a halwa ba wanda ya tambaye ni dalili a gaban idona. Na yi hajjina lafiya, na yi jifa da hannun dama, na dawo ta jirgin sama, domin na riga na gama sanin ramukan hanyar Abashe.

Ran Litinin ta farko na shiga aji. Hedimasta ya biyo ni, ya wuce can baya ya zauna a benci na ƙarshe, mabuɗin ɗakin ajiya yana hannunsa yana juya shi. Na ɗauki alli, na rubuta kwanan wata a can ƙuryar sama, na juyo na fara. Ban dubi inda hedimasta yake ba. Mun yi kamar kwatar sa'a sai aka ƙwanƙwasa taga. Malam Iro ne, mai koyar da lissafi a aji na kusa da mu, ya leƙo da kai.

“Malam Habu, barka da dawowa. Don girman Allah a ɗan sassauta. Na ba yarana jimla, na zagaya na tarar rabinsu sunayen koguna suke rubutawa.”

Hedimasta ya miƙe, ya jefa mabuɗin a aljihu, ya ce wa Malam Iro ya rufe tagarsa.